Motar Baba Ta Sauko Daga Kan Sif

In aka tambaye ni wurin da na fi so a zamana na Dubai, ba dogayen gine-gine zan ambata ba, ba kuma kantuna ba. Wani fili ne na yashi a bayan situna a Ras Al Khor, inda ƙattin mutane masu gemu da furfura suke taruwa da safiyar Juma'a suna tuƙa motocin wasa da rimot. Ni kaɗai ce mace a cikinsu, Bahaushiya, da hijabina har gwiwa. An yi min dariya da Hausa, an yi da Larabci, an yi da Turanci, ko a jikina. Wanda bai gaji ba ya ci gaba.

Abin ya samo asali ne daga kan sif ɗin Umma a Kano. Ina ƙarama Baba ya je aikin hajji, ya dawo da tsaraba irin ta kowa, dabino da zamzam da carbi, sai kuma wani dogon kwali da ya rungumo da kansa, bai yarda an cusa shi cikin kaya ba. A jikin kwalin akwai hoton jar mota mai manyan tayoyin baya, da ɗan direba sanye da hular kwano, ta yi tsalle daga kan tudun yashi. Baba ya zauna a zaure cikin 'yan sannu da zuwa, ya ce a Jidda ya ga ana tuƙa irinta daga nesa, ba igiya ba waya. Ya ce ta Yaya ce, wato babban wana, kuma gobe da hantsi kowa ya fito ƙofar gida ya ga ikon Allah.

Da hantsi mutane suka fito, mota ba ta fito ba. Kwalin yana kan sif, an ɗaure shi tamau da igiyar rama. Baba ya ce ya sake shawara, Yaya ya yi ƙanƙanta, sai ya gama firamare. Da ya gama, aka ce sai ya gama sakandare. Daga baya maganar ta koma "sai na huta". Baba akawu ne a wani kamfanin fata, mutum mai tsare gida, shi yake gyara rediyonsa da kansa, kuma ban taɓa jin "ban iya ba" ta fito daga bakinsa ba. Ba wanda ya isa ya taɓa igiyar nan.

Unguwa kuwa ba ta manta ba. Duk alkawarin da aka ga ba zai cika ba, sai a ce ya zama motar Alhaji. Tela ya ce ɗinki sai jibi, a ce motar Alhaji. Aka ce za a kawo mana famfo, dattawan zaure suka ce motar Alhaji. Ba a faɗa a gabansa, amma a gabanmu ana faɗa, kuma yana yi min ciwo har cikin raina. Na taɓa yin dambe da wata yarinya a islamiyya a kan wannan magana, na ci duka a can, na dawo gida na ci wani.

Umma ta ɗauki kwalin ta haɗa da jerenta. Tana da kwalla da samira da tasoshi da aka kawo ta da su gidan, ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Duk sati sai ta goge su, ta goge kwalin, ta turara ɗakin. In na ce, "Umma, yaushe za a buɗe?" sai ta ce, "Ajiya maganin wata rana." Ni kuwa in kwanta a tabarma in yi ta kallon ɗan direban nan, har na haddace duk wata sitika da ke jikin motar. Yaya mai motar ya manta da ita, ƙwallo ta ɗauke masa hankali, daga nan kasuwa. Baba ya yi ritaya, ya huta ɗin, bai buɗe ba. Ya rasu kwalin yana inda yake.

A 2016 na zo Dubai aiki. Haƙoran roba nake haɗawa a wani asibitin haƙori, aikin da yake son ido da natsuwar hannu. Na kama ɗaki a wani fulat a Satwa, ni da wata nas 'yar Ghana da wata 'yar Filifin. Wata Asabar ina yawo a wajen Port Saeed na leƙa wani shago da ake sayar da ƙananan jirage da motoci na haɗawa, sai na yi ido biyu da ɗan direbana. Kwalin nan ne, jar motar, tudun yashin, komai. Sai da na dafa kantar shagon.

Mai shagon ya yi min bayani. Kamfanin da ke yin su a Japan ya ga yaran da suka so motocin nan a da sun girma sun yi albashi, shi ne ya sake buga tsofaffin. Na ce a ba ni. Yana sa min a leda ya ce, "Madam, kina da rimot? Batir fa, da caja? Da ɗan injin da ke juya sitiyari? Da fenti?"

Na ce, "Duk ba sa ciki?"

Ya ce, "Ba sa zuwa a ciki. Guntaye ne kawai, ke za ki haɗa."

"Na da ɗin fa? Na asali?"

"Su ma haka. Ba a taɓa sa rimot a kwali ba."

Na tsaya da katin banki a hannu, na kasa miƙawa. Baba ya ga mota tana gudu a Jidda, ya nuna kwali, ya biya, ya rungumo. Ba wanda ya gaya masa. Ko da ya haɗa ta tsaf, ba abin da zai motsa ta, kuma a Kanon wancan lokaci ina zai samo rimot ɗinta? Na sayi duk abin da mai shagon ya lissafa. Har ya matsa min na sayi sukundireba ta musamman, ya ce sukurun Japan a ido kamar na kowa ne, amma tsagin kansu daban yake, sukundirebar gida tana zamewa ta cinye kan.

A kan teburin guga na haɗa ta. Guntayen a manne suke da sandunan roba, sai an yanko kowanne an goge bakinsa. Na shafa wa giya giris, na cika shokazoba da mai, na fesa jan fenti a baranda har 'yar Ghana ta fito tana tari tana cewa an yi min asiri. Ranar da na danna rimot tayoyin baya suka juya, na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. Mai shagon ne ya kwatanta min filin Ras Al Khor.

A nan na tarar ashe su ma 'yan wasan motar ba kansu ɗaya ba. Akwai 'yan asali, masu motocin da aka ƙera tun wancan zamani, akwai kuma mu masu sabon bugu. Sunan da suka sa wa namu shi ne fotokwafi. Su a ganinsu da tsohuwar zuma ake magani. Wai robar da ta fi sheƙi. Wai an canza sitiku, sunayen kamfanonin mai da ke jikin ta asali an maye su da na ƙarya. Wai an cire tsohuwar na'urar gudu mai ɗaukar zafi har ta ƙona yatsa, an sa ta zamani, saboda haka motar ba ta da rai. Abin da ya fi ƙona musu rai, ko da yake ba sa son faɗa, shi ne abin da suka sha wuya suka tara yanzu kowa zai iya shiga shago ya ɗauko.

Ni abin da ya ɗaure min kai, yawancinsu ba sa tuƙa na asalin. Za su zo da ita a nannaɗe da tawul, su ɗora a kan tebur, a zagaye ta ana jinjina kai, a mayar cikin but. Wadda za su tuƙa a yashi kuwa fotokwafin da suke zagi ce. Na ce kai, wannan ai jeren Umma ne ya biyo ni har Dubai.

Shugabansu wani ɗan Labanan ne mai siton kayan injin ɗaga kaya a nan kusa da filin. A raina Sarkin Kwali nake kiransa, don shi nasa ma ba a haɗe suke ba, a kwali suke, ko ledar ciki ba a yaga ba. Ba mugun mutum ba ne. Shi yake kawo shayi da biskit, kuma ya taɓa gaya min suna yara suka baro garinsu da akwati ɗaya, kayan wasansa duk aka bar su a baya. Na tausaya masa, amma bakinsa ba ya shiru. Duk sanda jar motata ta wuce ta gabansa sai ya ce, "Sister, fotokwafinki tana ƙoƙari."

Rannan na gaji. Na ce, "Fotokwafin da ke gudu ta fi ta asalin da ke barci. Kuma in asali ake taƙama da shi, muna da ita a gida, tun ina yarinya take kan sif."

Suka kwashe da dariya. Ta asali a Kano? Na sa aka ɗauko min hoton kwalin aka turo, Juma'ar da ta biyo na nuna masa. Ya ƙara girman hoton, ya duba wata alama a gefe, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Bugun farko ne, in ji shi, kuma ya daɗe yana nemansa. Daga ranar bai sake ce min fotokwafi ba, sai tambayar lafiyar Umma.

Yaya yana zuwa Dubai a kai a kai. Kayan gyaran mota yake saye a Ras Al Khor, ya cika kwantena ya tura Kano. Shi ma yana cikin masu yi min tsiya. "Ke da kika zo neman na kanki, kin ɓuge da wasan yara? Mutane suna tura kago, ke kina tura mota a yashi." Duk da haka da na roƙe shi ya taho min da kwalin Baba, ya yarda. Niyyata ɗaya ce, in haɗa motar nan ta yi tafiya, ko sau ɗaya ne. Umma ta ɗan ja, sannan ta naɗe shi da tsohon zane ta ba shi. A sanyin ƙarshen 2019 ya iso, kuma da yake ranar Juma'a ce, kai tsaye filin ya same ni da kwalin a hammata.

Kafin in ajiye rimot Sarkin Kwali ya riga ni. "Habibi, ahlan!" Ya ja Yaya gefe, ya zuba masa shayi, ya raɗa masa wani abu a kunne. Ban ji abin da ya ce ba, amma na san fuskar Yaya in ciniki ya yi daɗi, kuma ita na gani.

Ya dawo wurina yana sosa ƙeya. "Ƙanwata, kin san me mutumin nan ya taya? A kan kwali fa!"

Na ce, "Yaya, ni na ce ka kawo, kuma ba kasuwa na ce ka kawo ba."

"To ai tawa ce. Baba ya faɗa a zaure, da shaidu."

"Tsarabar Makka za ka sayar?"

"Gidaje ma an sayar balle kwali. Ke ba ga taki nan ba? Iri ɗaya ce sak. Khalas, shi ke nan, kowa ya huta."

Gaskiyarsa, tasa ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Ba ni da hujjar hana shi sai zafin zuciya. Sarkin Kwali ya ce sai an buɗe ya ga abin da ke ciki kafin a gama magana, mu bi shi gida da yamma. Na ce ni ma da ni za a je.

Ɗaki guda ya ware musu. Kabad ɗin gilashi daga ƙasa har sama, kwalaye a jere, sanyin na'ura ba dare ba rana, labule a sake don kada rana ta ci launi. Ya nuna mana gurbin da ya tanada, daidai tsawon kwalin Baba. Ya ce da alfahari, "A nan ba abin da zai same ta. Ba wanda zai sake taɓa ta." Daga kan sif zuwa cikin gilashi ke nan, an canza mata gidan yari.

Ya sa farar safar hannu, ya ɗauko almakashi zai yanke igiyar. Na ce, "Kar ka soma." Na zauna na yi ta fama da ƙullin da farce, ya bushe ya ƙame, sai da na sa haƙori. Da muka ɗaga murfin, ƙamshin turaren Umma ya cika ɗakin mutumin.

Jikin motar yana nan fari, ba a fesa masa fenti ba. Sitiku ba a taɓa ba. Tayoyin sun tsattsage. Ledojin sukuru a rufe suke, ban da guda ɗaya da aka yaga. A lungun kwalin kuma akwai wani ƙunshi a cikin hankici mai layi-layi, irin wanda Baba yake sa wa a aljihun gaba. Na warware. Akwatin giyar motar ne, an jera giyoyin a ciki daidai, an haɗa ɓari biyun, an ɗaure sukuru biyu. Na ukun ya shiga rabi ya tsaya. Kansa ya cinye ya zama rami, a gefensa kuma duk sawun filaya ne, inda aka yi ta ƙoƙarin murɗo shi ya ƙi shiga ya ƙi fita.

Na gaya wa Yaya abin da mai shago ya gaya min, na sukundireba da na rimot. Na ce, "Baba ya buɗe. Ya ga guntaye, bai karaya ba, ya fara haɗawa da sukundirebar rediyonsa. A nan ta tsaya masa, ga mutane ya ce su fito da hantsi."

Yaya ya daɗe yana kallon sukurun. Can ya ce a hankali, "Washegari da safe na ga babban yatsansa a ɗaure da tsumma. Ya ce ƙofa ce ta datse shi."

Sarkin Kwali bai ji Hausa ba, shi sukurun ya gani. Ya yi ajiyar zuciya ya ce abin takaici ne, an riga an taɓa ta, darajarta ta faɗi. Amma zai iya ɗaukar kwalin da jikin da sitikun ya cike wata da yake da ita, mu riƙe tarkacen. Tarkace ya ce. Na naɗe akwatin giyar a hankicinsa na jefa a jakata, na miƙe.

"Yaya, motarka ce, ka sayar da abin da ka ga dama. Amma wannan aikin hannun Baba ne, ni ma 'yarsa ce. Sai na ƙarasa shi, ko da a jikin fotokwafi zan ɗaura."

Yaya ma ya miƙe. Ya jawo murfin ya rufe kwalin, ya naɗe igiyar ya sa a aljihu, ya juya wurin mai gida. "Habibi, afuwan. Ba ta sayarwa ba ce." Mutumin ya ƙara tayi. Yaya, wanda ban taɓa ganin ya juya wa riba baya ba, ya ce, "Khalas. Yalla, ƙanwata, mu tafi."

Yaya ya ɗage tafiyarsa. Kullum in na taso aiki sai ya zo Satwa, mu baje a falo, 'yar Ghana tana kawo mana shayi tana cewa asirin ya kama mutum na biyu. Hannun Yaya na ɗaga injin mota ne, ƙananan sukuru tsere masa suke yi, ya yi ta rarrafe yana nema a ƙarƙashin kujera da babbar shaddarsa. Abin da ya mutu muka maye da na sabon bugu, tayoyi da na'urar gudu da zoben roba na shokazoba. Duk sun zauna daram, kamar don ita aka yi su. Sukurun Baba kuwa ban yarda an jefar ba. Na sa ɗan injin da nake goge haƙoran roba da shi na tsaga masa sabon layi a ka, yadda sukundireba mai faɗin baki za ta kama. Na ɗiga masa mai, na murɗa, ya motsa. Na miƙa wa Yaya, shi ya ƙarasa ɗaure shi.

Da muka kai ta fili, 'yan asali suka zagaye mu kamar an zo ta'aziyya. Wani ya ce yanzu ba ta asali ba ce, ba kuma sabuwa ba, ruwa biyu ce. Wani ya ce robar ta tsufa, tana taɓa dutse za ta fashe, a rufa mata asiri a ɗora ta a tebur. Sarkin Kwali ya dubi sitikun da muka liƙa, waɗanda ya so ya adana, ya ce, "Sister, kin kashe ta."

Na ce, "Ba a kashe abin da bai taɓa numfashi ba. Ku matsa."

Na kira Umma ta bidiyo, na saita mata wayar. Na ba Yaya rimot. Ya ja kunamar rimot ɗin da ƙarfi, motar ta zabura, ta watsa wa 'yan asali yashi a ƙafa, ta miƙe sambal ta je ta daki wata tsohuwar tayar babbar mota da ke bakin fili. Muka ji ƙas. Hannun tayar gaba ya karye gida biyu, kamar yadda suka faɗa. Wani ya dafe kai, wani ya ce da ma sai da ya faɗa.

Ni dariya ce ta kama ni, ga hawaye. Na durƙusa a yashin, na kwanto hannun tayar daga jikin tawa motar, na ɗaura wa ta Baba. Na ce wa Yaya, "Shwaiya shwaiya, a hankali, ba kwantena kake turawa ba." Wannan karon ta tafi a hankali, ta zagaya, ta ƙara gudu, ta hau ɗan tudun da ke tsakiyar fili, tayoyinta huɗu suka bar ƙasa.

Na juyo da wayar. Umma ta kawo fuskarta daf da gilashi, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ita ce wannan? Ta kan sif?"

"Ita ce, Umma."

"Ashe ba fashewa ta yi ba?"

Na ce wace irin fashewa? Ta ce, "Ranar da ya buɗe na leƙa, na ga guntaye. Na ɗauka a jirgi ta farfashe, yana jin nauyin faɗa. Shi ya sa na ɗora ta a sama inda ba mai gani." Shekara da shekaru tana goge kwalin da ta yi imani fasasshen abu ne a ciki, don kar mijinta ya ji kunya, kuma ko mu ba ta taɓa gaya wa ba. Ta bi motar da kallo tana zagaye. Sannan ta ce, "Ashe Babanku bai yi ƙarya ba. Ku kawo ta ƙofar gida."

Yaya ya tafi da ita a hannu, bai yarda an sa ta cikin kago ba, wannan karon da rimot da batir da caja da sukundirebar da ta dace. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, kar ta sake hawa sif. In ta karye a gaya min in aiko da guntu, ko sau nawa ne. Ta kuwa karye, ba sau ɗaya ba, har zuwa 2021 kusan rabin jikinta ya zama na sabon bugu. Sarkin Kwali ya ce to yanzu me ya rage na asali? Na ce gidanmu na ƙasa duk shekara sai an yi masa sabon yaɓe, ba wanda ya taɓa cewa ba gidan Baba ba ne. Ya koma kiran tawa fotokwafi, na koma watsa masa yashi a takalmi, muna shan shayinmu.

Bidiyon ƙofar gida a Satwa na kalle shi, a kan teburin gugar nan. Cikin dattawan da suka zauna a zaure ranar da Baba ya dawo, biyu ne suka rage. An fito musu da benci da hantsi. Motar ta fito daga zaure da kanta, ba igiya ba waya, ta wuce ta gabansu, ta juyo ta tsaya a ƙafar ɗaya daga cikinsu. Tsohon ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa bayanta yana neman zare. Ya ɗago ya tambayi Yaya wannan kuma ta wace ce.

Ta bayan ƙofa na ji muryar Umma, da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

"Motar Alhaji ce."